Maƙerin wuƙa da amanar mai saye

Hirarmu ta yau a kan wuƙa take, da mutumin da ke ƙera ta. Babu gidan da ba wuƙa. Da ita mahauci ke neman abincinsa, da ita baduku ke yanka fata, da ita uwargida ke aikin girki. In Babbar Salla ta matso, ka zagaya titunan Yamai daga Zongo har kasuwar Katako, za ka ga wuƙaƙe a shimfiɗe, kowace tana ƙyalli.

To, amma ido ba ya gane wuƙar kirki. Ga dalili. Ƙarfe iri-iri ne. Akwai mai laushi, wanda ko an wasa shi ba ya riƙe kaifi. Akwai mai tauri, wanda in an gasa shi ya yi ja, aka tsoma shi cikin ruwa ko mai, sai ya ƙara tauri. Bayan haka sai a sake ɗumama shi kaɗan, don kada ya karye wajen aiki. In an goge wuƙaƙen nan biyu, kamarsu ɗaya. Maƙeri kaɗai ya san abin da ya sa a wuta. Saboda haka mai sayen wuƙa, maganar maƙeri yake saye tare da ita.

A zamanin da, maƙeran ƙasar Hausa su ke haƙo tama, su narka ta da gawayi, su fid da ƙarfe. A ƙasar Adar an ci gaba da sanin wannan aiki har shekarun 1960. Ƙira sana'ar gado ce, ɗa yana fara ta da zuga tun yana yaro. Akwai maƙeran baƙi, masu fartanya da gatari da wuƙa, akwai maƙeran fari, masu zobe da munduwa. Gari yana da Sarkin Maƙera, shi ke tsakanin maƙera da sarki, shi ke sasanta rigimarsu. A ƙauye manomi yakan karɓi kayan aiki, sai kaka ya biya da hatsi. Kowa ya san maƙeri, ya san ubansa. In wuƙa ta lanƙwashe, an san ƙofar da za a je.

Kayan da suka fito daga nesa fa, wa za a tambaya? A shekarar 1851 wani matafiyi Bajamushe, Hanrish Bart, wanda ake ce wa Abdulkarim, ya sauka Kano. Shi ne ya ƙetare kogin Kwara a Sayi a 1853. Ya rubuta cewa kowace shekara ana kawo ruwan takobi wajen 50,000 a Kano, kuɗinsu wajen wuri miliyan 50. Watau ɗaya wuri 1,000 ke nan. Kusan duk waɗanda ya gani, ƙirar garin Zolingen ne na ƙasar Jamus. Raƙuma ke ƙetaro hamada da su, a Kano ake sa musu ƙota da kube, a sayar wa Abzinawa da Hausawa da Fulani da Barebari.

Mai saye bai taɓa ganin maƙerin Zolingen ba. Abin da yake dubawa shi ne alamar da aka buga a jikin ƙarfen, kamar siffar jinjirin wata guda biyu. Alamar nan ita ce bakin maƙeri. Da ta yi suna, sai maƙeran ƙasashenmu ma suka riƙa buga irinta a kan nasu aikin. Daga nan alamar ta daina gaya wa mai saye inda takobi ya fito. Su ma mutanen Zolingen sun sha wahala da masu aron sunansu, har a shekarar 1938 aka yi doka a Jamus, aka hana sa sunan garin a kan wuƙar da ba a can aka ƙera ta ba. Ka ga suna dukiya ne, tun da har doka ke gadinsa.

Yanzu mu dawo gida. Kalmar zongo, ko zango, wurin saukar fatake take nufi. Akwai zongo a Kumasi, akwai a Akara, akwai a nan Yamai. Unguwar baƙi ce, inda ƴan kasuwa Hausawa da wasunsu suka zauna. Da aka maido babban birnin ƙasa daga Damagaram zuwa Yamai a shekarar 1926, sai gari ya yi ta girma, baƙi suka yi ta ƙaruwa. A zongo, mai saye da mai sayarwa sau da yawa ba su san juna ba. Dabarar da fatake suka yi ita ce maigida. Shi ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu ciniki, ya tsaya masa in da bashi. In ya haɗa baƙonsa da macuci, baɗi baƙon nan wani gida zai sauka. Maƙerin da ke aiki a irin wannan wuri, shi ma da shaidar mutane yake ci. Bafatake ɗaya da ya ji daɗin wuƙa zai kai labari garuruwa da yawa. Wanda aka cuta ma haka.

Zamani ya canza sana'ar. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, motoci suka biyo baya, tsohon ƙarfe ya yawaita, narka tama ya ja baya har ya ƙare. Maƙera suka koma ga faffaɗan ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyin mota, da tsohon magagari, don suna riƙe kaifi. Amma a juji ɗaya ake samun ƙarfen tanka mai laushi, mai araha. Fari na 1973 da na 1984 ya koro maƙeran Abzin da yawa zuwa birane. Gidan tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a Yamai a 1959, ya ba masu sana'ar hannu wurin aiki, haka kuma cibiyar masu sana'a ta Wadata. Ga kuma wuƙaƙen kanti na ƙasashen waje sun cika kasuwa. A cikin taron nan, abin da maƙerin gida ya fi masana'antar nesa da shi guda ne: ana iya komawa wurinsa.

To, kai maƙeri, ga abin da ke wuyanka. Ka faɗi irin ƙarfen da ka yi aiki da shi, ka bambanta kuɗin mai tauri da na mai laushi. In ka karɓi kafin alƙalami, ka rubuta kuɗin da ranar da ka ɗauka, ka cika alkawari. In wuƙa ta karye ba da laifin mai ita ba, ka gyara ko ka musanya. Ka zaɓi alamarka ta kanka, ka buga a kan aikinka, kada ka ari ta wani. Ka tuna mahaucin da wuƙarsa ta dakushe ya yi asarar ciniki, dabbar da aka yanka da ita kuwa ta sha azabar da addini ya hana.

Kai ma mai saye, da naka. Ka tambayi maƙeri, ka gwada kaifi a gabansa, ka biya shi hakkinsa kan lokaci. Kada ka matsa masa da tayin banza, sa'an nan ka yi kuka da ƙarfe. Hausawa sun ce araha ba ta ado. In kun taru wajen karatu, ku tambayi tsofaffin unguwarku maƙeran da suka sani, da abin da ya sa har yanzu ake tuna sunansu.