Mai shayi da kwamfuta: labarin LEO a Ingila

In aka ce kamfanin da ya fara sa kwamfuta aikin ofis a duniya mai saida shayi da burodi ne, da yawa za su ce wasa ake. Amma haka abin ya faru. J. Lyons & Co. na da shagunan shayi barkatai a Ingila, har lissafin kaya da albashin ma'aikata ya sha musu kai. A 1947 suka aika mutum biyu Amurka su gano inda aka kwana, can aka ce musu ai a gida, a jami'ar Kambrij, Maurice Wilkes na ƙera irin na'urar da suke nema, mai suna EDSAC. Da suka dawo, Lyons suka ba jami'ar fam 3,000, suka ƙara da aron ma'aikaci guda, da niyyar in ta yi aiki su kwaikwayi tsarinta. Ta kuwa yi aiki a 1949. Watan Nuwamba 1951, tasu na'urar, LEO, ta fara lissafin kuɗin kayan gidajen gasa burodinsu.

Wannan tarayyar ce ta burge ni, don kowa ya zo da abin da ɗan'uwansa ba shi da shi: malamai da ilimi, ƴan kasuwa da kuɗi da kuma aikin da za a ba na'urar.

Haɗin gwiwar da ya biyo baya kuwa, a ganina, ƙarancin jari da tsoron kamfanin IBM na Amurka suka haife shi. Lyons sun kafa LEO Computers a 1954, amma ƙera kwamfuta na cin kuɗin da ribar shayi ba ta iya ɗauka. A 1963 suka haɗa jari da English Electric. To ni da nake karatun harshe, sunan kawai nake bi: English Electric LEO, sai English Electric LEO Marconi a 1964, shekarar da Lyons suka saida kasonsu. Kun dai ga wa ke gaba. Kafin 1968 LEO ta faɗi daga sunan gaba ɗaya.

A 1968 gwamnatin Harold Wilson, ta hannun ministan fasaha Tony Benn, ta matsa aka haɗe su da kamfanin ICT, wanda shi ma ya riga ya haɗiye sashen kwamfutocin kasuwanci na Ferranti tun 1963. Aka sami ICL, gwamnati na riƙe da wajen kashi 10 cikin 100. Fujitsu na Japan ya sayi kashi 80 a 1990, ya share sunan ICL a 2002.