Wake da Danginsa a Maƙwabtaka da Ciyawa

Wake da gyaɗa da gurjiya da waken suya dangi ɗaya ne, waɗanda Allah cikin hikimarsa ya keɓance da wata falala, wato 'yan ƙululun da ke jikin saiwoyinsu, inda waɗansu halittu da ido ba ya riska suke janyo sinadarin naitirojin daga iska, su mai da shi abincin tsiro. Masana biyu na Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su ne suka bayyana wannan al'amari a 1886, amma manoman ƙasar Kafanchan, da waɗanda ke kai amfaninsu kasuwar Sabon Tasha, gadon iyaye suke bi idan suka raɓa wake da dawa, domin abin da ganye da saiwa suka bari bayan sun ruɓe, hatsi ne yake cin moriyarsa. A shekarun 1980 cibiyar binciken kiwo ta ILCA ta yi aiki da Fulani makiyaya a Abet da Kurmin Biri da ke Kudancin Kaduna, ana killace fili a shuka Stylosanthes, wani tsiro dangin wake, don shanu su sami abinci mai inganci da rani.

Gishirin da ke cikin ƙasa kuwa illarsa ita ce hana saiwa tsotsar ruwa, kuma ciyawar da maƙwabcinta wake ya wadata ta da naitirojin takan fi jure masa, sai dai idan ya tsananta, ƙululun waken ne ke fara lalacewa. Yawan ruwan sama yakan wanke gishiri daga ƙasar Kudancin Kaduna. Masifar gishirin ta fi addabar gonakin ban ruwa na can arewa da kwarurrukan kanwa na ƙasar Manga.