Daga Ceres zuwa tankin ruwa: zare kan tarihin gano halin na'ura

1/ Makon jiya a ɗakin gwaji na kama ɗalibaina na injiniyan sarrafa na'urori suna goge lambobin da suka auna, wai don zanen ya yi daidai da na littafi. Ban yi faɗa ba. Tarihi na ba su. Ku biyo ni.

2/ Ranar 1 ga Janairu, 1801, Piazzi ya hango Ceres daga Palermo. Ya bi ta kusan kwana 40, sai ta ɓace cikin hasken rana. Gauss, ɗan shekara 24, ya ɗauki awon nan mai kurakurai ya lissafo hanyarta. A ƙarshen shekara aka same ta dab da inda ya ce.

3/ Dabarar da ake danganta masa: zaɓi lissafin da jimillar murabba'in kurakuransa ta fi ƙanƙanta. Legendre ya riga shi bugawa a 1805, shi sai 1809. Har gobe da ita muke aiki.

4/ A 1942, Ziegler da Nichols na kamfanin Taylor a Amurka suka kawo hanya mai sauƙi: canza abin da kake ba na'ura farat ɗaya, ka auna jinkirinta da saurin tashinta, ka saita mai sarrafa ta da lambobin biyu.

5/ A 1965, Åström da Bohlin a Suwidin suka nuna yadda za a ƙiyasta halin na'ura tare da halin hayaniyar da ke cikin awon. Åström ya yi aiki da wannan a masana'antar takarda. Littafin Ljung na 1987 da kayan aikinsa na MATLAB suka shigo da fannin aji.

6/ To mu dawo tankinmu. Ƙa'idar littafi: kunna famfo, duba lokacin da ruwa ya kai kashi 63 cikin 100 na tashinsa. Amma littafi bai san bututunmu ya ɗan toshe ba. Lambobin da suka goge ne suka sani.

7/ Na ce su sake awo, su raba bayanan biyu: rabi a gina lissafi, rabi a jarraba shi. Wanda ya saba gyara lamba a aji, ranar da aka damƙa masa tukunyar tururi a masana'anta fa? Allah ya kiyaye.