Yadda Aka Koya Mana Karanta Mota a Tsohon Hoto

Tun da na bar wa yara garejin, aikin da ya rage mini shi ne duba hotunan da ake kawo mini. Kwanan baya wani saurayi ya zo da hoton kakansa, wanda aka ɗauka a Amurka lokacin yana karatu, ya jingina da wata mota mai ƙofa biyu da dogon hanci, fitilunta a rufe da gilashi. Ya ce, "Baba, wayata ta ce Jaguar E-Type ce, wani makanike kuma ya ce Fairlady 240ZG ce ta asali." Dukansu biyu hanci suka kalla, abin da ya ɓata mini rai ke nan.

Maigidan da ya koya mini bugun bodi a Kaduna, Allah Ya jiƙansa, yana da akwatin katako cike da hotunan motoci, wasu na kwastomomi, wasu yankakku daga mujallu da kalanda. Bayan La'asar, idan aiki ya lafa, sai ya zaro ɗaya, ya rufe hanci da tayoyi da guntun kwali, ya bar mana rufi da gilasai kawai, ya ce mu faɗi sunan motar. Wanda ya kasa shi zai share gareji. Dalilinsa a fili yake: bamba, fitila, wili, salansa, har tambarin kamfani, duk ana kwancewa a ɗaura wani cikin yini ɗaya. Amma lanƙwasar gilashin gaba, da tsagar ƙofa, da ginshiƙin da ke riƙe rufi ta baya, ba mai taɓa su sai wanda ya shirya sake ƙera motar. Yana duba su ne da ɗan gilashin masu gyaran agogo, kuma ba ya yarda ka ambaci suna sai ka kawo shaida uku.

Na rufe hancin hoton yaron da tafin hannu. Jaguar ta fita nan take, domin gilashinta na gaba a miƙe yake, kuma gabanta duka, har da fuka-fukan taya, gaba ɗaya yake ɗagawa. Wannan kuwa bonet ɗinta daban, fuka-fukanta daban. Datsun Z ce, wadda Nissan ta fitar a ƙarshen 1969. A ginshiƙin baya akwai zagayayyen tambari mai harafin Z, wanda iska ke fita ta ƙarƙashinsa. Na farkon fitowa ba su da shi. Mafitar iskarsu tana jikin ƙofar but, ƙasan gilashin baya, sai cikin 1971 aka mayar da ita gefe. Kwanan watan da aka buga a gefen hoton Mayu 1973 ne, lokacin 260Z ba ta shigo kasuwa ba. To, 240Z ce.

Wannan mota mun san ta tun kafin mu taɓa ta da hannu. A bangon garejin maigida akwai hoton wadda Edgar Herrmann ya ci tseren Safari na Gabashin Afirka da ita a 1971, ja da baƙin bonet, an jera mata ƙarin fitilu. Shekhar Mehta ya sake ci da irinta a 1973. Baƙin bonet ɗin don kada ƙyallin rana ya kashe wa direba ido ne, amma samarin Kaduna suka mayar da shi ado, har masu Datsun 120Y suna zuwa a yi musu. Maigida yana yi, amma sai ya ɗauki hoton motar kafin fenti ya jefa a akwati, ya rubuta lambar bodi a baya da biro.

Saura zancen ZG. Nissan ta fitar da ita a Oktoban 1971 da wannan dogon hanci, don kasuwar Japan kaɗai, saboda haka sitiyarinta a dama yake. A hoton ma sitiyarin a dama ya bayyana, shi ya ruɗi makaniken. Sai dai murfin tankin mai na Z a gefen dama yake ta baya, a hoton kuwa yana hagu. Aljihun rigar kakan ma ya koma dama. Mai wankin hoto ne ya kifa fim ɗin, komai ya juye kamar a madubi. Ainihin sitiyarin a hagu yake, motar kasuwar Amurka ce, hancin kuma saye aka yi aka ɗaura mata. Mu da muka ga ranar 2 ga Afrilu 1972, da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, mun saba fara duba sitiyari don kintatar shekarar hoto, kuma mun san sau nawa masu situdiyo suke kifa fim. Yaran yanzu ba su taɓa riƙe fim a hannu ba, balle su yi zargin haka.

Abin da ke ƙona mini rai bai tsaya kan suna ba. Kuɗin ZG ta asali ya ninka na 240Z da aka yi wa kwalliya, kuma da irin wannan ganganci ake cutar masu saye. Akwatin maigida kuwa, bayan rasuwarsa aka zubar da shi tare da tsofaffin rasiɗai, ba wanda ya tambaye mu.

Masu tsofaffin hotunan motoci a gida, don Allah kada ku yanke gefensu, kada ku goge rubutun bayansu. In an san shekara, da gari, da lambar bodi, a rubuta tun masu sanin suna raye.