Permin tuƙa jirgin ruwa na shaƙatawa a Faransa: yadda ake samun shi

Duk lokacin hutun bazara, ƴan uwanmu mazauna Faransa kan aiko hotuna suna cikin ƙaramin jirgin ruwa a Marsai ko kan kogin Sen. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, riƙe sitiyarin wannan jirgi yana da doka. Permin mota ba ya aiki a kan ruwa, ko da mutum ya shekara ashirin yana tuƙi.

Wa ke bukatar shi?

A Faransa ana kiran takardar "permis plaisance". Dole ne ga duk wanda zai tuƙa jirgin shaƙatawa da ƙarfin moter ɗinsa ya wuce doki 6, wato kilowat 4,5. Babur ɗin ruwa ma yana ciki. Sai mutum ya cika shekara 16 kafin a ba shi. Wanda jandarmomin ruwa suka kama yana tuƙi ba permi, tarar na iya kaiwa yuro 1500, kusan sefa miliyan ɗaya ke nan.

Kala nawa ne?

Na farawa kala biyu ne. Akwai na bakin teku, "côtière", wanda ke ba mutum damar yin nisan mil 6 na teku, kusan kilomita 11, daga wurin da jirgi zai iya fakewa. Akwai na ruwan cikin ƙasa, "eaux intérieures", don koguna da magudanan da aka gina, da jirgin da tsawonsa bai kai mita 20 ba. Mai son shiga tsakiyar teku, ko tuƙa jirgin kogi mafi tsawo, sai ya yi ƙarin karatu a kan wanda ya samu.

Matakan da ake bi

Da farko likita zai duba ido da kunne, har da ko mutum yana rarrabe launi, ya ba da takardar da ba ta wuce wata 6 ba. Sannan a yi rajista a makarantar tuƙin jirgi da gwamnati ta amince da ita, wadda suke ce wa bato-ekol.

Karatun aji aƙalla awa 5 ne, sauran kuwa mutum ya dage a gida. Tun watan Yunin 2022 jarrabawar tambaya 40 ce, a zaɓi amsa daidai, kuskure 5 kawai ake yafewa. Kuɗin zama jarrabawa yuro 30 ne, wajen jika 20 na sefa. Tamburin gwamnati na karɓar permi yuro 78, wajen jika 51. Kuɗin makaranta daban, kowace da nata farashi, don haka a tambayi biyu ko uku kafin a biya.

Sai aikin hannu a kan ruwa: aƙalla awa 3 da rabi, awa 2 daga ciki kai ne a sitiyari. Nan babu wata jarrabawa ta biyu. Malamin da ya koyar da kai shi zai sa hannu idan ya ga ka iya tashi daga gaɓa, juyawa, ja da baya, tsayawa ba ka daki bango ba, da komawa ka ɗauko wanda ya faɗa ruwa.

Me ake koyo?

Ruwa ma yana da hanya da alamomi. Idan jirgi zai shiga tasha daga teku, jar alama tana hannun hagu, koriya tana dama. Wannan ne dalilin da ya sa likita ke gwada launi. Jirage biyu masu moter in suka fuskanci juna, kowa ya karkata damarsa. Mai moter shi ke kauce wa jirgin da iska ke turawa. Cikin mita 300 daga gaɓa, inda mutane ke wanka, gudu ba ya wuce kusan kilomita 9 a awa. Kowane mutum a cikin jirgi da rigar ceto tasa, kuma ba a wuce adadin mutanen da aka rubuta a jikin jirgin. Akwai wata igiya da direba ke ɗaurawa a jikinsa, in ya faɗa ruwa moter ya mutu nan take. In hatsari ya auku a teku, a kira 196 a waya, ko tasha ta 16 a rediyon jirgi.

Hattara

Wannan permi na shaƙatawa ne kawai. Ba ya ba kowa izinin ɗaukar fasinja don kuɗi. Saurayin da ke neman aikin tuƙin jirgi, takardun sana'a daban suke, kada wani ya karɓi kuɗinsa ya ce wannan ta isa. Kuma jarrabawar da Faransanci ake yin ta, da kalmomin ruwa da ko ɗan lakwal bai saba ji ba.

To, mu nan gida dokarmu daban, amma ruwa ɗaya ne. Masu fito a kogin Kwara a Yamai da Gaya, da masu shiga kwale-kwale a tafkin Madarunfa da na Tabalak, da masu ƙetare gulbin Maraɗi da damina, abu biyu daga cikin karatun nan sun shafe mu: kada a cika jirgi fiye da ƙima ranar kasuwa, kuma a nemi rigar ceto. Ɗan uwan da ke waje in yana tunanin tsarabar da zai aiko ƙauyen da ake fito, to ga shawara.

Allah ya tsare mu, ya kai kowa gaɓa lafiya.