Kimiyyar Haske da Ɗan Karkara: Aikin da Ke Jiran Jami'o'in Katsina

Duk wanda ya zana jarrabawar fiziks ta WAEC ya san tambayar haske: a ba ka gilashi mai kusurwa uku da fil huɗu, a ce ka bi sawun hasken da ya shiga ta nan, ya karye, ya fita ta can. Ɗalibin makarantar kuɗi a birni ya yi wannan gwaji har ya gundure shi. Takwaransa na gari irin Rimaye, a ƙaramar hukumar Kankiya, sau da yawa a zanen allo ya san gilashin, sai jarrabawa ta ƙarato hannunsa ke taɓa shi. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, a nan ake rasa wannan yaro, tun bai ga ƙofar jami'a ba. Cibiyar binciken da ta zauna jiran sa a digiri na biyu kuwa ta makara.

Abin takaicin, a fannonin fiziks da wuya a sami mai arhar koyarwa kamar haske. Ibn al-Haisam, haifaffen Basra, ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021, kuma babban kayan aikinsa ɗaki ne mai duhu da 'yar kafa a bango. Da su ya ƙarfafa hujjar cewa haske a miƙe yake tafiya, kuma shi ke shiga ido, saɓanin masu cewa ido ke fitar da shi. Yaron da ya taɓa kwanciya a soro da rana tsaka, ya ga zaren haske ya ratso ta hujin ƙyaure ƙura na yawo a cikinsa, ya riga ya ga rabin darasin. Saura wanda zai ce masa: auna.

Akwai waɗanda suka gane haka. Farfesa Ahmadou Wagué na Jami'ar Cheikh Anta Diop ya jagoranci ƙungiyar masana leza da haske ta Afirka da aka kafa a Dakar a 1991, kuma tun 2004 UNESCO ke horar da malaman fiziks koyar da haske da kayan da ba su fi ƙarfin aljihu ba. Ba sai mun je nesa ba ma: makarantun kwana na kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Kano ta buɗe a 1977 sun yaye likitoci da injiniyoyi daga gidajen talakawa.

To amma waccan hanya ta makarantar kwana ta yi rauni. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, gwamnatin Katsina ta rufe makarantun kwana na wani lokaci, kuma uban da dama can ke ɗari-ɗari da tura 'yarsa nesa ya sami hujja. 'Yan mata suka fi kwana a ciki. Tunda yaro ba zai je inda kayan gwajin suke ba, sai kayan su same shi.

Za a ce aikin jami'a bincike ne, sakandare ta gwamnatin jiha ce. Haka ne a takarda. Sai dai Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, maƙwabciyar Kankiya ce, ita da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma daga waɗannan makarantu suke ɗibar ɗalibai. In rijiya ta ƙafe, guga ba shi da aiki. Ba injin leza na miliyoyi ake nema ba tukuna. Akwati guda mai madubai da gilasai da tocila, da ɗaliban ajin ƙarshe biyu da za su riƙa zagaya Rimaye da Kusada kowane zango, su fara bayani da Hausa, su bar akwatin a hannun malamin makarantar idan za su koma.