Cinikin Biri a Sama: Yadda Aka Koyi Awon Kabon na Daji

A shekarar 2001 wakilan ƙasashen duniya suka zauna a Marrakesh ta Maroko don tsara ƙa'idojin yarjejeniyar Kiyoto ta 1997. Hukuncin da suka yanke shi ne, ƙasa mai tasowa za ta samu kuɗi in ta dasa sababbin itatuwa, amma ba ta da ko kwabo in ta hana a sare tsofaffin da ke tsaye. Ba rashin sanin amfanin daji ya kawo haka ba. Kowa ya san itace na zuƙar iskar kabon ya ajiye a jikinsa, in an sare shi an ƙona, iskar ta koma sama ta ƙara ɗumamar duniya. Awo ne ya gagara. Wa zai shaida dajin na nan? Wa ya san ko masu gatari gefe suka koma kawai? Biyan kuɗi a haka, a ganinsu, cinikin biri a sama ne.

Barazil ce ta nuna abin mai yiwuwa ne. Tun 1988 hukumarta ta binciken sararin samaniya, INPE, ke duba hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat duk shekara, tana lissafa faɗin dajin Amazon da aka share. A 2004 ya haura murabba'in kilomita 27,000, zuwa 2012 ya sauko ƙasa da 5,000. Gani ya kori ji. Ana cikin haka, a taron Montreal na 2005, Papua New Guinea da Kosta Rika suka sake tada maganar biyan masu hana sarar daji, taron Bali na 2007 ya karɓe ta, aka haifi tsarin da ake kira REDD+. A 2008 Nowe ta yi wa asusun Barazil na kare dajin Amazon alkawarin dala biliyan 1, biya bayan an ga sakamako. A shekarar ce kuma Amurka ta saki hotunan Landsat kyauta, har ƙasashe marasa ƙarfi suka samu abin dubawa.

To amma hoto faɗi yake nunawa, ba nauyi ba. Dole mutum ya shiga daji da ƙafarsa. Ma'aikata kan kewaye ɗan fili, su bi itatuwansa ɗaya bayan ɗaya, su auna kaurin kowanne a daidai ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa, su rubuta tsawonsa da irinsa, domin itace mai tauri ya fi mai laushi nauyi ko da kaurinsu ɗaya. Lissafin da ke mayar da kauri ya zama nauyi kuwa gumi ne ya samar da shi: masana sun sare dubban itatuwa, suka busar, suka ɗora a sikeli. Kusan kashi 47 cikin ɗari na busasshen itace kabon ne, kowane tan ɗaya na kabon kuma in ya ƙone yana zama tan 3.67 na iskar. Wannan aiki na cikin sauro da laka shi ne gindin duk wani adadi da ake karantawa a zauren taro, amma ba kasafai ake tuna masu yinsa ba.

Taron Warsaw na 2013 ya kammala ƙa'idoji: kowace ƙasa ta miƙa ma'aunin da za a gwada ta da shi, ƙwararru daga waje su tantance. Barazil ta fara miƙawa a 2014. A farkon 2023 Gana ta karɓi dala miliyan 4.8 daga wani asusun Bankin Duniya, ladan rage sarar daji a yankunan noman koko.

Inda gizo ke saƙar shi ne wancan ma'aunin. Ana biya ne a kan dajin da ake cewa da an sare, abin da bai faru ba kuwa babu tauraron da zai ɗauki hotonsa. A ganina nan ne ƙofar algus, domin mai kaya ne ke kawo mudun. Haka ta kasance da shirin Kariba na Zimbabuwe, wanda ya sayar wa manyan kamfanoni miliyoyin takardun shaidar rage iskar kabon bisa hasashen sara da ya zarce abin da aka gani a ƙasa. A watan Oktoban 2023 Verra, hukumar da ta yi masa rajista, ta dakatar da shi.